Gyara Kayanka: Lemar Shawagi Kan Lalace Tun Tana Cikin Kwali

Kusan duk shekara idan bikin Ista ya zagayo, mutanen Nkawkaw da ke gabashin Ghana kan wuni da kai a ɗage. Daga kan dutsen Odweanoma na garin Atibie, a ƙasar Kwahu, ake hango mutane biyu-biyu suna rugowa bakin gangare, wani ƙyalle mai launi ya kumbura a bisansu, sai ƙafafunsu su bar ƙasa. Su yi ta kewaya kamar shirwa, daga bisani su sauka a filin ƙwallon Nkawkaw. Tun shekarar 2005 ake wannan biki, zamanin da marigayi Jake Obetsebi-Lamptey yake ministan yawon buɗe ido, kuma da yawa daga matuƙan da ke ɗaukar fasinja daga ƙasashen waje suke zuwa, kowa da kayansa.

Kafin ƙyallen nan ya kumbura a gaban 'yan kallo, ya riga ya yi wata tafiyar da ba wanda ya kalla. An naɗe shi a wani ɗaki a Turai ko Amurka, an cusa shi a jaka, an wurga jakar cikin jirgi, an jibga wasu akwatuna a kanta. Ta sha rana a filin jirgin Akra, ta sha jijjiga a bayan mota kusan kilomita 150 a hanyar Kumasi. A irin wannan tafiyar lema kan samu raunin da ido ba ya gani, raunin da ba ya bayyana sai mutum na rataye da ita ɗaruruwan mitoci daga ƙasa.

Saboda haka maganar ta wuce matuƙa. Ta shafi ma'aikacin kamfanin aika kaya, da direban da ke kai baƙi, da ɗan dako, da mai fitar da kaya daga hannun kwastan, da ɗalibin da aka ce don Allah ya riƙo wani saƙo daga Turkiyya ko Faransa. Duk wanda jakar ta bi ta hannunsa yana da rabo a lafiyar wanda zai tashi da ita.

Me ke cikin jakar?

Wasan kansa bai tsufa ba. A 1978 ne wasu 'yan wasan lema uku, Jean-Claude Bétemps da André Bohn da Gérard Bosson, suka gwada tashi da gudu daga gangaren dutse a Mieussy, cikin tsaunukan Faransa, maimakon tsalle daga jirgi. Daga nan abin ya bazu har Annecy, da Ölüdeniz na Turkiyya, da Bir Billing na Indiya, da Pokhara na Nefal. Ba kowa ke da dutsen tashi a bayan gidansa ba, shi ya sa kayan wannan wasa kullum a hanya suke.

Lemar mutum ɗaya tana da faɗin murabba'in mita 20 zuwa 30, amma nauyinta bai cika wuce kilo 6 ba. Ta ɗaukar mutum biyu, irin wadda ake amfani da ita a Kwahu, tana kai murabba'in mita 40. An ɗinka ta da yadin nailan mai shara-shara wanda murabba'in mitarsa bai kai giram 50 ba, an shafe shi da wani sinadari da ke hana iska ratsawa. Ciki an raba ta ɗaki-ɗaki, bakin kowane ɗaki a buɗe yake ta gaba. Iskar da ke shiga nan ce ke ba ta siffar fiffike. A bakin ɗakunan an zura 'yan siraran sanduna na roba ko na wani ƙarfe mai suna Nitinol domin baki ya tsaya a buɗe.

Daga ƙyallen, igiyoyi ne ke saukowa, wasunsu ba su kai kaurin milimita ɗaya ba, na zaren Dyneema ko Kevlar. Su ke haɗuwa da kujerar da matuƙi ke ɗaure kansa a ciki, ta hanyar ƙugiyoyi biyu masu makulli. A ƙarƙashin kujerar akwai soso ko jakar iska mai kare ƙashin baya, da aljihun da lemar ko-ta-kwana ke kwance. Sai hular kwano, da rediyon hannu, da na'urar da ke yin ƙara idan ana hawa ko sauka, da 'yar wuƙar yanke igiya. Wanda bai sani ba zai ce tamfol ne da igiyar shanya.

Maƙiyan ƙyalle

Na farko danshi. Lemar da ta sha raɓa ko yayyafi, aka naɗe ta a haka aka rufe a leda, kwana kaɗan take fara wari, fumfuna ta kama ta, shafen da ke jikin yadin ya fara saki. Abin ya fi muni idan ruwan teku ne, domin gishiri na zama a cikin saƙar yana jawo laima yana cin zare. Dokar masu sana'ar ita ce a ɗauraye da ruwan daɗi, a shanya a inuwa har ta bushe ƙarau, sannan a yi maganar jaka. Ba a sa mata omo, ba a sa ta a injin wanki, ba a yi mata guga.

Na biyu zafi. But ɗin motar da aka ajiye a rana yana iya haura digiri 60, haka ma kwantenar ƙarfe da ta kwana biyu a tashar jiragen ruwa. Zaren Dyneema yana da ƙarfin gaske amma ba ya jimirin zafi: yana narkewa a wajen digiri 145, kuma tun kafin nan yana tsukewa. Tsawon kowace igiya lissafi ne. Idan na baya suka gajarce da santimita ɗaya ko biyu, yadda fiffiken ke fuskantar iska ya canja, lemar ta riƙa nauyin tashi, ta kuma kusanci tsayawa cak a sama. Kevlar ya fi jure zafi, amma shi kuma ba ya son lanƙwasa mai tsanani. Igiyar da aka matse a baki-bakin ƙarfe tana iya karyewa daga ciki rigarta na nan lafiya lau.

Na uku ƙwari. Fara ko ƙwaro ya shiga ɗakin lema a filin sauka, a naɗe da shi, zai ci yadin yana neman hanyar fita, ruwan jikinsa kuma ya ɓata wurin. Haka yashi da tsakuwa: suna taruwa a gefen baya suna goga yadin kamar sanfefa. Masu ƙera lema da yawa kan bar 'yar ƙofa a ƙarshen fiffike don a zazzage su.

Na huɗu maƙwabcin banza. Fetur, man birki, ruwan batir, fenti, maganin sauro na feshi, ko turare mai ƙarfi da ya tsiyaye, duk suna cin shafen yadi. Lema ba ta kwana kusa da jarka.

Illarsu ga yadi ɗaya ce: yadin ya koma yana tace iska kamar rariya. Masu duba lema suna da na'urar da ke auna daƙiƙoƙin da iska ke ɗauka kafin ta ratsa yadi. A sabuwa sai a ƙirga ɗaruruwa, a wadda ta mutu 'yan ƙalilan. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a kai lema dubawa duk shekara biyu, ko bayan kusan awa 100 na tashi.

Ninki irin na labule

A da ana naɗe lema kamar bargo. Zuwan sandunan bakin fiffike ya canja wannan. Sandar roba idan ta daɗe a lanƙwashe tana riƙe lanƙwasar, bakin lema ya karkace, iska ta daina shiga daidai. Saboda haka yanzu ana tattara ɗakunan ne ɗaya bayan ɗaya, kamar labulen da aka ja gefe guda, sandunan su kwanta a jere kan juna, a ɗaure su da ɗamara mai laushi, a zura a doguwar jakar da aka yi don haka. Sai a ninka jakar biyu ko uku, a sa ɗan matashi ko riga a wurin ninkin don kada kusurwar ta yi kaifi.

Ƙarfunan da ke ƙarshen igiyoyi ana sa su a 'yar jakarsu daban, kada su ƙarce yadin. Zif kuma a ja shi a hankali da yatsa a ƙarƙashi, domin haƙoransa sun ci lema da yawa. Ledar nan da ake zuƙe iskarta don tufafi su yi ƙanƙanta ba ta dace da nan ba: tana murƙushe sanduna, tana kuma kulle duk ɗan danshin da ya rage. Haka soson kujera. Idan ya daɗe a matse ba ya komawa kaurinsa da wuri, kuma kaurin nan shi ne aikinsa ranar da mutum ya faɗo da baya.

Matuƙan da suka saba tafiya kan sa lemar a tsakiya, su kewaye ta da tufafi, su cusa safa da safar hannu a cikin hular kwano. Hular ita ma tana da nata sirrin: soson cikinta na shanye bugu ne sau ɗaya, kuma yana iya fashewa daga ciki bayanta na ƙyalli.

Lemar ko-ta-kwana

Wannan ita ce ta ƙarshe idan komai ya ƙi. Tana naɗe cikin wata ƙaramar jaka, 'yan allurai na riƙe da murfin aljihunta, ga mariƙi mai launi a gefen kujera. Mai jan kaya a filin jirgi yana iya ganin mariƙin ya zaci hannun jaka ne, ya fizga, lemar ta zubo. A nan ake yin kuskure mafi haɗari: wani mai son taimako ya tattara ta ya mayar yadda ya ga dama, ya yi shiru. Lemar da aka mayar a haka tana iya ƙin buɗewa. Abin da ya dace shi ne a bar ta yadda take, a gaya wa mai ita. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Masu ita kan rufe mariƙin ko su juya shi ciki kafin tafiya. Amma duk abin da aka ɗaure mariƙi da shi don hanya, dole a kwance shi kafin tashi, kuma ya fi kyau a rataya masa jan ƙyallen tuni. Masu ƙera ta kan ce a buɗe ta ta sha iska a sake naɗewa duk wata 6 zuwa 12, a hannun wanda ya koyi aikin. A Amurka, hukumar TSA mai binciken fasinjoji tana barin lema ta shiga jirgi a hannu ko a kayan da ake aunawa, tana kuma shawartar mai ita ya iso da ƙarin rabin awa, domin idan za a buɗe ta a yi a gabansa.

Abin da ke iya ƙone jirgi

Akwai kuma ɓangaren da kayan ne ke zama haɗari ga wasu. Ranar 3 ga Satumba 2010, jirgin kaya na UPS ƙirar Boeing 747 ya tashi daga Dubai zuwa Kolon ta Jamus. Ba a yi rabin awa ba wuta ta tashi a cikin kaya, hayaƙi ya cika ɗakin matuƙa, jirgin ya faɗi kusa da Dubai, matuƙan biyu suka rasu. Bincike ya nuna yana ɗauke da baturan litiyam fiye da 80,000. Daga 1 ga Afrilu 2016, hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana ɗora baturan litiyam zalla a matsayin kaya a jiragen fasinja, ta kuma ce waɗanda za su bi jirgin kaya kada cajinsu ya wuce kashi 30 cikin 100. A 28 ga Janairu 2025 kuma, jirgin Air Busan ya kama wuta a filin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi. Mutum 176 da ke ciki sun tsira, kuma masu bincike sun karkata ga fawabank ɗin da ke ma'ajin kaya na saman kujeru.

Jakar matuƙin lema cike take da irin waɗannan batura: na rediyo, na na'urar hawa da sauka, na kyamara, na safar hannu mai ɗumi. Ƙa'idar a fili take. Batir da ba ya cikin na'ura, har da fawabank, a jakar hannu yake tafiya, ba ya bin kayan da ake aunawa, kuma a rufe bakinsa da salatif kada ya taɓa makulli ko tsabar kuɗi. Wanda bai wuce wat-awa 100 ba yana wucewa. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, kuma guda biyu kawai. Abin da ya haura 160 ba ya bin fasinja ko kaɗan. Fawabank mai lamba 20,000 a jikinsa yana kusan wat-awa 74. Dalilin dokar mai sauƙi ne: wutar da ta tashi kusa da mutane ana ganinta a kashe. Wuƙar yanke igiya kuwa akasin haka take, kayan awo take bi.

Lema mai inji ta fi wannan rikici. Ita ce wadda matuƙi ke goya ƙaramin inji da farfela a baya, ya tashi daga fili ba sai da dutse ba. Da irinta ne Ba'amurken mai ɗaukar hoto George Steinmetz ya yi shawagi a kan Saharar Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, ya ɗauko ramukan gishirin Teguidda-n-Tessoumt da ayarin raƙuma daga sama. Abin da ya sa na'urar ta dace da irin tafiyarsa shi ne ana kwance ta a zuba a jakunkuna. Amma injin da ya taɓa shan fetur kaya ne mai haɗari a dokar jirgi. Juye tanki bai isa ba, domin tururin da ya rage ya fi ruwan saurin kamawa. Sai an tsiyaye tiyo da kafireto, an wanke tanki ya bushe har wari ya ɗauke, wasu ma sukan bar tankin a gida su sayi wani a can. Duk da haka kamfanin jirgi yana da ikon ya ƙi, don haka a nemi amsarsa a rubuce tun kafin a sayi tikiti. Batirin lema mai injin lantarki kuwa ya ninka iyakar 160 sau da yawa. Hanyarsa ɗaya ce, kamfanin da ke da lasisin ɗaukar kaya masu haɗari.

Kwali, kilo da diyya

Mai aikawa ta kamfani ya nemi kwali mai ɓawo biyu, daidai girman kaya. Ba don tsaro kaɗai ba, har don aljihu. Kamfanoni irin su DHL suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5,000, su karɓi kuɗin duk wanda ya fi tsakanin wannan da nauyin gaske. Kwali mai santimita 80 da 50 da 40 kilo 32 ne a lissafinsu, ko da abin da ke ciki kilo 15 ne. A jirgin fasinja kuma jaka ɗaya ta masu ƙaramin tikiti yawanci kilo 23 ce, kuma ba a karɓar wadda ta wuce 32. Kayan ɗaukar mutum biyu kan cinye wannan, shi ya sa ake raba su jaka biyu.

Busasshiyar lema a sa ta a leda saboda ruwan sama, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi. Sannan a shimfiɗa wani fallen kwali a samanta kafin a rufe. Wannan fallen shi ke tare reza. Mai buɗe kaya ya saba tsaga salatif da wuƙa, kuma lemar da aka ninka, tsaga ɗaya tana ratsa yadi hawa-hawa. A rubuta gargaɗi a waje da manyan baƙaƙe, a sa adireshi da lambar waya a ciki da waje.

Kafin a rufe, a ɗauki hoton komai, har da lambar da ke jikin lemar. Dalili shi ne diyyar jirgi ba ta kai kuɗin kayan. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, iyakar abin da fasinja zai samu kan jakarsa, tun 28 ga Disamba 2024, shi ne SDR 1,519, wato wani ma'aunin kuɗi na asusun IMF, kusan Dala 2,000. Sabuwar lema kaɗai kan kai Yuro 3,000 ko fiye, ban da kujera da sauran tarkace. Idan a matsayin kaya aka aika ta, diyyar SDR 26 ce kan kowane kilo, ma'ana kwalin kilo 6 ba zai kawo fiye da kusan Dala 200 ba. Mafita ita ce a bayyana darajar kayan tun wajen aikawa a biya ƙari, ko a yi inshora. Akwai kuma wa'adi: kwana 7 ne na kai kukan lalacewar jaka a rubuce, kwana 14 na kayan da aka aika. Mai hankali yakan cika takardar ƙorafi tun bai bar wurin ɗaukar kaya ba.

A takardar kwastan a rubuta gaskiya: lemar shawagi, sabuwa ko tsohuwa, da kuɗinta. Wanda ya rubuta "tamfol" don rage haraji ya rage wa kansa diyya, ya kuma gayyato jami'i ya zazzage komai a ƙasa. Kowace ƙasa da dokarta kan kayan tashi da na sadarwa. Indiya, alal misali, ta hana shiga da na'urorin aika saƙo ta tauraron ɗan'adam irin su Garmin inReach ba tare da izini ba, kuma an sha tsare matafiya a filayen jirginta saboda su. Wanda aka ba saƙon jakar da bai ga cikinta ba, haƙƙinsa ne ya ce a buɗe a gabansa, domin sunansa ne a kan tikitin kayan.

Mai sayen ta hannu ta intanet shi ma ya kula, araha ba ta ado. Ya nemi takardar dubawa ta kwanan nan, ya tabbatar lambar da ke takardar ita ce a jikin lemar, ya duba ajinta. Ma'aunin Turai na EN 926 ya raba lemomi daga A, ta ɗan koyo, zuwa D, ta ƙwararru.

Ranar isowa

Kaya na isa, a ɗauki hoton kwalin kafin a taɓa shi, a yanke salatif da almakashi ta gefe. A fito da lemar daga matsi ta sha iska a inuwa. A shimfiɗa ta a wuri mai tsabta, a bi ɗinki ɗaya-ɗaya, a zare kowace igiya tsakanin yatsu ana jin ƙulli ko kumburi. A duba sandunan baki ko akwai wadda ta karye, a duba ƙugiyoyi ko sun sami tabo, a duba allurai da mariƙin lemar ko-ta-kwana, a cire jan ƙyallen tuni. Kujerar a rataye ta a reshe ko ƙarfe a zauna a ciki.

Sai kuma gwajin fili. Matuƙi ya tsaya a buɗaɗɗen wuri, ya ɗaga lemar bisa kansa ba tare da ya tashi ba, ya kalli yadda ɗakunan ke cika, ya ga ko wani gefe na jan baya. Wadda ta taso a karkace an gama da ita ranar, sai wurin mai dubawa. Wadda ta taso sak, ta tsaya cur a sama, ita ake naɗewa a kai kan dutse. A Odweanoma, fasinjan da ya sayi tikiti yana tsaye a layi da hular kwano a ka, matuƙi na bayansa yana taɓa ƙugiya ta hagu da ta dama, ga filin ƙwallon Nkawkaw can ƙasa kamar tabarma.